Danƙon da Ba a Faɗa wa 'Ya Mace

Litinin, 5 ga Janairu, da hantsi

Yau suka watse. Kwana tara gidana cike da takalman mutane. Sun shanye min shayi, sun ƙarar min da gawayi, wata mata ta ɗauke kujerata daga inda take shekara talatin ta kai bakin taga. Na mayar da ita. Duk wanda ya shigo sai ya riƙe min hannu ya ce in yi haƙuri, kamar na ce masa nawa ya ƙare.

'Yata Nuzhat ce ta ƙarshen fita. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Abba, ka dawo wajenmu mana, ko na wata ɗaya." Na ce ina da gida. Ta ce to za ta riƙa kawo abinci. Na ce ina da tukunya. Mijinta Dilshad yana tsaye a bayanta, ba ni yake kallo ba, ƙofar ɗakin aikina yake kallo. Na san abin da yake so, kuma ba zai samu ba.

Tanwir bai kira ba.

Talata, 6 ga Janairu, da safe

Hazo ya rufe Taj ruf, ƙaton ginin kabarin nan na farin marmara da garinmu ke taƙama da shi. Daga saman soro ko hasumiya ɗaya ba a hange. Mutane sun taso daga ƙarshen duniya, sun yi layi cikin sanyi, sun shiga sun ɗauki hoton farin hayaƙi. Na ji daɗi ƙwarai.

Alhamis, 8 ga Janairu, bayan La'asar

Banwari Lal ya zo, ɗan Hindun nan da ake ƙona gawarsu a bakin kogi. Tare muka yi firamare, shi ya zama mai zagayawa da baƙi yana shara musu ƙarya, ni na gaji sana'ar ubana. Ya shigo da kwalin alewar petha, alhali ya san likita ya hana ni zaƙi.

Ya ce, "Miyan," wato malam, yadda yake kirana, "ashe kana nan? Na ɗauka sanyin nan ya yi gaba da kai."

Na ce, "Sai na fara raka ka bakin kogi na ga an cinna maka wuta."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya zauna ya cinye rabin abin da ya kawo min. Sannan ya fito da abin da ya kawo shi: Dilshad ne ya roƙe shi ya yi min maganar danƙo.

Bari in rubuta, tunda ba mai karanta littafin nan. Tun da aka gina Taj, gidanmu ke dasa furannin dutse a jikin farin marmara. Yanka dutse kowa yana iya koya, a unguwar nan shaguna ɗari suna yi wa baƙi faranti da akwatin ajiye zobe. Amma danƙon da ke riƙe dutsen a raminsa shekara ɗari uku, wannan namu ne. Uba yake faɗa wa ɗansa namiji, sau ɗaya, ƙofa a rufe, tukunya a kan wuta. Ba a rubutawa. Ba a faɗa wa 'ya mace, don za ta kai gidan miji. Ni ina shekara ashirin da shida aka faɗa min. Yau a duniya ni kaɗai na sani.

Na ce wa Banwari zan faɗa wa ɗana Tanwir idan ya dawo daga Maskat, can ƙasar Larabawa.

Ya ajiye alewar. Ya ce, "Wajahat." Shekara sittin bai taɓa kiran sunana tsurarsa haka ba. Na ce ya kwashi kwalinsa ya fita.

Juma'a, 9 ga Janairu, bayan masallaci

Ranar Juma'a kaɗai Taj yake komawa namu. Ba baƙi, ba masu miƙa yatsu suna yi kamar sun tsinci ƙubba a hoto. Sai mu da birai. Na taka a hankali daga babbar ƙofa zuwa masallaci, na huta sau uku.

Bayan an sallame liman ya ambaci wani suna ya ce a yi addu'a. Sahu biyu suka juyo suna kallona. Na duƙa na gyara safata.

Asabar, 10 ga Janairu, da azahar

Kwanon abinci a bakin ƙofa. Miyar waken dal da gurasa. Na ba kyanwa.

Lahadi, 11 ga Janairu, da azahar

Kwano kuma. Na ci. Gishiri ya yi yawa, kamar na uwarta.

Bai kira ba. Ranar Lahadi yake kira.

Laraba, 14 ga Janairu, da yamma

Wani mutum ya zo da akwati mai ruwan toka, an ɗaure shi da igiya. Ya ce tare suke tuƙi a kamfani ɗaya. Ya fara ba ni labarin wata hanya da wata babbar mota, na ce masa ban tambaye shi ba. Ya ce wayar tana ciki, da agogo. Ya yi kuka a tsakar gidana, ƙaton mutum da gashin baki. Ban ba shi shayi ba.

Akwatin yana ƙarƙashin gado. Ya tokare min baya.

Asabar, 17 ga Janairu, bayan Magariba

Ranar ƙarshe ta bikin tunawa da sarkin da ya gina Taj, wanda kabarinsa ke ciki. Shiga kyauta, don haka duk wanda yake da ƙafa a Agra ya zo. An ɗauko dogon mayafin nan mai launi-launi da ake kai wa kabarin, ɗaruruwan hannuwa a ƙarƙashinsa, ganga kamar za ta tsaga ƙirji. Ban so zuwa ba. Banwari ne ya ja ni, ya ce idan na ci gaba da zama a ɗaki zan yi tsutsa.

A hanya ya hango wasu Turawa biyu sai bakinsa ya motsa da kansa. Na ji yana gaya musu wai da aka gama ginin, sarki ya sa an datse hannuwan masu aikin. Na ce masa, "Kakan kakana da hannu biyu aka binne shi, ɗan banza." Ya ce, "Miyan, baƙo ba ya son labarin mutumin da ya koma gida ya ci tuwonsa lafiya."

Muka kutsa har cikin ɗakin ƙubba. A jikin shingen marmara da ya kewaye kaburburan, ta gefen gabas, daidai ƙugun mutum, akwai wani fure na jan dutsen aƙiƙ. Ganye ɗaya daga cikinsa ni na dasa shi, shekarar 1981, mahaifina yana tsaye a kaina da fitila. Duk sanda na shiga nakan shafa shi da babban yatsa in wuce.

Yau yatsana ya faɗa rami.

An ƙwaƙule shi. Na ga zanen mukulli a gefen ramin, an sha wahala kafin ya fita, har an ɓalle leɓen marmaran. Wani ya biya kuɗin jirgi ya zo ya tsaya a kan matattu yana haƙa da mukullin ɗakin otal. Yanzu ganyena yana aljihun wani wando a wata ƙasa, ko an jefar da shi a tasha.

Mai gadi ya ce an riga an ba da aikin gyara. Shagon Dilshad. Juma'a 13 ga watan gobe, ranar da ba baƙi.

Allah ya isa. Ban san wa nake yi wa ba, amma Allah ya isa.

Litinin, 19 ga Janairu, da hantsi

Na aika a kira Dilshad. Ya zo da gudu yana murmushi, ya ɗauka na sauko.

Na ce, "Da me za ka dasa?"

Ya ce, "Abba-ji, akwai gam na kanti mai kyau yanzu, minti biyar ya kama."

Na ce, "Shekara biyar kuma ya yi rawaya kamar haƙoranka."

Ya rufe baki. Sannan ya ce to ai shi ya sa yake roƙo. Ya ce shi ma ba ya son sa gam a wurin nan, yana jin kunya. Ya fito da wani ƙyalle ya warware: ganyen aƙiƙ, an riga an yanka. Na kai shi bakin taga. Na juya shi, na sake juyawa. Ya fi ƙwayar shinkafa kaɗan, bakinsa ya lanƙwasa daidai yadda na da yake, kuma an zaɓi wurin da jan yake dusashewa zuwa ruwan zuma.

Na ce, "Wa ya yanka wannan? Ba hannunka ba ne, hannunka na fasa kwakwa ne."

Ya ce, "Nuzhat. Shekara goma sha biyu duk aikin da ya fi ƙanƙanta ita ke yi a cikin gida."

Ba wanda ya taɓa gaya min. Na miƙa masa abinsa. Na ce ni zan dafa danƙon da kaina in ba su dafaffe, su dasa. Abin da ke ciki kuwa, su mutu ba su sani ba.

Alhamis, 22 ga Janairu, bayan La'asar

Na yi sayayya yadda aka koya min: shago uku, unguwa uku, kada mai shago ɗaya ya haɗa lissafin abin da ke tukunya. A kowane shago kuma a sayi abu ɗaya da ba a buƙata. Na dawo da barkono da shuɗin wanki da ba abin da zan yi da su. Mai keken da ya ɗauko ni ya kira ni kaka, ya tambaya ko ba ni da ɗa da zai riƙa yi min aike. Na sauka tun kafin lungunmu na ƙarasa da ƙafa. Ƙirjina kamar an ɗora dutsen niƙa.

Asabar, 24 ga Janairu, da azahar

Ya ƙone. Gawayin zamanin nan ne.

Talata, 27 ga Janairu, da yamma

Na sake dafawa. Na sauke da wuri. Na dasa ɓarɓashin dutse a guntun marmara don gwaji, da ya huce na sa farce, ya fito kamar haƙorin yaro.

Laraba, 28 ga Janairu, da azahar

Ya ƙone. Na ƙone wuyan hannu kuma.

Ba gawayi ba ne. Bari in faɗi gaskiya ko a takarda. Danƙon nan ba a dafa shi da agogo, ba a gane shi da ido. Mahaifina ya ce min, idan ƙamshi ya juya, sauke. Tsakanin juyawar da ƙonewa bai fi numfashi biyar ba. Ni kuwa tun zazzaɓin nan na shekarun baya hancina ya mutu. Ba na jin turare, ba na jin warin kogi, wanda kowa ke kuka da shi. Shekara shida ban dafa ba, ban san abin ya kai nan ba.

Abu tara na sani, da awonsu, da wanda ke bin wani. Na goman ya fita daga jikina ban sani ba.

Alhamis, 29 ga Janairu, bayan La'asar

Jiri ya ɗebe ni a tsakar gida da safe. Ban san tsawon kwanciyar da na yi ba. Nuzhat ta buga ƙofa ba amsa, sai ta hau ta soron maƙwabta ta diro, mace mai shekara arba'in da huɗu. Ta ɗaga ni kamar buhun auduga. Ta shafa min magani a hannu. Da ta gama sai ta ce:

"Ka ƙona shi ranar Asabar. Jiya ma ka ƙona. Na Talata bai nuna ba."

Na ce, "Wane munafukin ya gaya miki?"

Ta ce, "Hancina. Tun daga bakin lungu, in na kawo abinci." Ta nuna gindin famfo. "Shekara goma sha tara ina wanke-wanke a nan, Abba, taku uku daga ƙofar da kake rufewa. Da farko zuma-zuma yake yi. Sai ya yi ɗaci. Sai ya koma kamar ƙasa ta sha ruwan farko. Da na ji wannan nake ɗora shayi, don na san yanzu za ka buɗe ƙofa. Ka taɓa fitowa ka tarar shayinka bai yi ba?"

Ban taɓa ba. Na ɗauka uwarta ce.

Na ce wannan ba maganar mata ba ce, amanar Tanwir ce.

Ta ce, "Tanwir yana saman soro yana tashin tantabaru duk ranar da kake dafawa. Warin yana sa shi amai, kai ma ka sani. Ya gudu har Maskat don kada ka rufe ƙofar nan da shi a ciki." Ta rufe kwalbar maganin. "Ba zai kira ba, Abba. Ni na ga hoton kabarin. Ƙanena ne, ni na goya shi. Kwana talatin da uku ina dafa maka abinci, ko sau ɗaya ba ka ce min sannu da rashi ba."

Na ce ta fita min daga gida.

Ta fita ta ƙofa, ta bar ta a buɗe.

Juma'a, 30 ga Janairu, da azahar

Ban je masallaci ba. Ba kwano.

Asabar, 31 ga Janairu, da azahar

Ba kwano. Na dafa shayi. Hazo ya tafi, ƙubbar tana can fara fat kamar ba abin da ya faru. Shekara saba'in da takwas ina kallonta, ba ta taɓa kallona ba. Mutum ɗaya ya rasa matarsa ya sa dubban mutane aikin shekara ashirin don gina mata kabari. Mu namu sai akwati da igiya.

Litinin, 2 ga Fabrairu, da yamma

Banwari ya kawo gurasa da dankali daga gidansa. Na san wa ya aiko shi, gishirin ya tona. Ya zauna yana kallona ina ci.

Ya ce, "Miyan, idan ka mutu da abin nan, me zan gaya wa baƙi? In ce akwai wani tsoho mai baƙin hali da ya haɗiye shi?"

Na ce, "Ka ce an datse masa hannu."

Bai yi dariya ba. Ya ce ranar Alhamis za a yi addu'ar arba'in a gidan Nuzhat, bayan azahar. Na ce ina da aiki.

Alhamis, 5 ga Fabrairu, bayan La'asar

Ban je ba. Na ji karatun daga nan, lungu biyu ne kawai.

Na jawo akwatin na kwance igiyar. Riguna, agogo, waya, takalmi sabo da bai taɓa ƙasa ba, lamba ta ƙafata. Na zauna a ƙasa har aka kira La'asar.

Allah ya jiƙanka, Tanwir. Allah ya jiƙanka, ɗana. Da ka gaya min warin yana sa ka amai.

Ya gaya min. Sau biyu.

Asabar, 7 ga Fabrairu, da hantsi

Saura kwana shida su cusa gam a ramin. Kayan da suka rage na dahuwa ɗaya ne. Na aiki Banwari ya ce mata ta zo gobe da safe, ita kaɗai. Ya ce, "In ce ka ce don Allah?" Na ce ya faɗi abin da ya ga dama, ai ƙarya sana'arsa ce.

Lahadi, 8 ga Fabrairu, bayan Magariba

Ta zo ƙarfe tara. Ba ta gaishe ni ba, ni ma haka. Na riga na hura wuta a ɗakin aiki, na rufe kwanukan da ƙyalle.

Na ce ta zauna a bakin ƙofa ta juya baya. Idan ta ji ƙamshi ya juya ta yi magana.

Ta ce, "Hanci kake nema na haya? Akwai su a kasuwa." Ta ɗauki jakarta.

Na ce to ta rantse ba za ta faɗa wa mijinta ba.

Ta ce, "Dilshad ba zai iya ba ko na faɗa masa, shinkafa ma ƙona ta yake. Amma ba zan rantse ba. Ranar da na tsufa zan faɗa wa wanda ya iya, ɗa ne ko 'ya. In ba ka yarda ba, Abba, ka dafa abinka."

Muka tsaya. Gawayi yana ci. Na tuna mahaifina, na tuna nasa uban, duk na jero su a raina suna harara ta. Ba ko ɗaya a cikinsu da zai zo ya shaƙa min tukunya.

Na ce, "Shigo. Rufe ƙofar."

Ta rufe, tana ciki. Na yaye ƙyallen. Na faɗa mata tara ɗin ɗaya bayan ɗaya, da awonsu, sau ɗaya, yadda aka faɗa min. A na shida ta ce, "Au, shi ya sa." Ban tambaye ta me ba. Ita ta karɓi muciya. Ɗakin ya cika da hayaƙin da ba na jin komai a cikinsa. Ina kallon fuskarta kawai, idonta a rufe, hawaye yana zuba, ko na hayaƙi ne ko ba na hayaƙi ba.

Ta ce, "Sauke."

Na ce a ɗan ƙara.

Ta ture hannuna ta sauke da kanta.

Mun dasa ɓarɓashi uku a guntun marmara. Ta ce sai gobe. A bakin ƙofa na ce mata, "Nuzhat. Sannu da rashi." Ta tsaya ba ta juyo ba, ta gyaɗa kai, ta tafi.

Litinin, 9 ga Fabrairu, da hantsi

Ta zo da shayi a butar ƙarfe. Na sa wa dutsen gwajin farce, bai motsa ba. Na sa ƙarfen sassaƙa na buga da guduma iya ƙarfina. Marmaran ya tsage biyu, dutsen yana nan daram a rabinsa.

Tana tsaye tana jira. Na ce ya ɗan yi kauri.

Ta ce, "Ƙarya kake, Abba."

Ƙarya nake.